Farfesa Henry Lucas: Jikan Baƙi Da Ya Rubuta Tarihin Zangon Kakanninsa

In aka ambaci ƙasar Holan a nan wajenmu, abin da kan fara zuwa ran mutum bai wuce atamfa da madarar gwangwani ba, masu son ƙwallo kuma su tuna da 'yan wasanta. Ba kowa ya san cewa mutanen wannan ƙasa su ma sun taɓa ɗaure 'yan komatsansu sun bar gida ba, suka haye teku suka je ƙasar wasu suka sari daji, suka kafa garuruwansu, suka yi ta fama da irin tambayoyin da duk mazaunin zango ya sani: da wane harshe za a yi wa yara magana, wa zai ja ragamar jama'a, kuma yaya za a zauna da waɗanda aka tarar. Mutumin da muka ɗauko tarihinsa a wannan fitowa jinin waɗannan baƙi ne. Sunansa Henry Stephen Lucas, shehun malamin tarihi ne a Amurka, an haife shi a 1889, ya mutu a 1961. Ya fara yin suna ne a kan tarihin Turai na zamanin da, amma abin da ya sa har yau ba a manta da shi ba shi ne aikin da ya yi da furfura a kansa, wato tattara labarin hijirar kakanninsa.

An haifi Henry Lucas a wani ƙauye da ake kira Jamestown a Jihar Mishigan, cikin yankin da mutanen Holan suka fara sauka tun 1847. Abin mamaki, in aka bi salsala, zuriyar Lucas ba daga cikin ƙasar Holan ɗin ta fito ba. Mutanen Bentheim ne, wani ɗan yanki na Jamus da ke manne da iyakar Holan ta gabas. Sai dai iyakar ta hukuma ce kawai, don mutanen Bentheim ɗariƙarsu ɗaya da maƙwabtansu, da harshen Holan suke ibada a coci, ana kuma auratayya da cinikayya. Wanda ya san zaman Katsina da Maraɗi ba sai an yi masa dogon bayani ba. Da suka isa Mishigan sai suka kafa ƙauyensu a kudu da garin Holland, suka raɗa masa suna Graafschap, wato sunan da suke kiran yankinsu na gida da shi. Daga baya ma wasu daga cikin wannan zuriya sun ƙara gaba zuwa arewacin jihar neman gona, har akwai ƙauye a can mai suna Lucas.

Abin da ya tayar da su

Kafin mu bi sawun yaron, ya kamata mu san abin da ya raba kakanninsa da gida, don shi ne ƙashin bayan duk abin da ya rubuta daga baya. A cikin 1834 wani fasto mai suna Hendrik de Cock, a ƙauyen Ulrum da ke lardin Groningen, ya ɓalle daga babban cocin ƙasar Holan tare da jama'arsa. Ƙorafinsu shi ne cocin ya zama ɗan amshin shatar sarki, ya kuma saki koyarwar magabata. Sarki Willem na Ɗaya bai ɗauki abin da wasa ba. Aka zaro wata tsohuwar doka ta zamanin mulkin Napoleon wadda ta hana mutum fiye da 20 taruwa ba tare da izini ba, aka riƙa cin su tara, ana ɗaure fastocinsu, har sojoji ake saukewa a gidajensu su ci su sha a kan wuyan maigida. Yawancin masu ɓallewar nan talakawa ne, 'yan ƙwadago a gonakin wasu da ƙananan masu sana'a, saboda haka in maigidan mutum ya kore shi daga aiki don aƙidarsa, shi ke nan tukunya ta sauka.

Tsanantawar hukuma ta yi sauƙi bayan 1840, sai kuma ga wata masifar. A 1845 annoba ta faɗa wa dankalin Turawa, wanda shi ne tuwon talaka a can, ta sake dawowa a shekarar da ta biyo. Ga haraji, ga rashin aiki, ga yunwa. Shugabanninsu sun fara tunanin kai jama'a tsibirin Jawa, wanda a lokacin yake ƙarƙashin mulkin Holan, amma hukuma ba ta ba su tabbacin 'yancin ibada ba, don haka suka juya akala zuwa Amurka.

Madugun ayarin farko shi ne Fasto Albertus van Raalte. Ya tashi daga Rotadam a jirgin ruwa mai suna Southerner da iyalinsa da mutum 50 da 'yan kai, suka sauka Nuyok a watan Nuwamba na 1846. Niyyarsu ta farko Jihar Wiskonsin ce, amma sanyi ya riske su a birnin Detroit, tafkuna suka daskare, hanyar jirgi ta rufe. A wannan zaman jiran ne manyan garin suka karkato da hankalinsa zuwa yammacin Mishigan. Ranar 9 ga Fabrairu, 1847, shi da wasu 'yan mutane suka isa bakin wani ƙaramin tafki kusa da babban Tafkin Mishigan, cikin ƙungurmin daji da ƙanƙara ta lulluɓe. Nan ne garin Holland yake a yau.

Kai, waɗannan bayin Allah sun ga tasku. Sun fito daga ƙasar da take shimfiɗe kamar faifai, wadda itatuwa ba su dame ta ba, ga su yanzu tsakiyar bishiyoyin da mutum biyu ba sa iya rungumewa. Da yawansu ba su ma iya sarar itace yadda zai faɗi inda ake so ba, sai da maƙwabta suka koya masu. Kafin a gama kafa bukkoki na gungume sai ga sababbin ayari suna ta kwararowa, babu masauki, babu isasshen abinci. Da zafi ya shigo a wannan shekara ta 1847 sai zazzaɓin cizon sauro da atuni da agana suka shiga tsakaninsu, aka yi ta mutuwa. Marayu suka yi yawa har jama'a suka haɗa kuɗi, mata suna ba da 'yan kayan adonsu, aka gina gidan marayu. To, amma kafin a ce a zuba yaran ciki, iyalai sun riga sun rarrabe su, kowa ya ɗauki nasa ya haɗa da 'ya'yansa. Ginin ya koma makaranta. A ganina duk cikin labarin babu abin da ya fi wannan nuna irin mutanen da suke.

Kowane ayari ya sauka ne tare da 'yan garinsu, ya kuma sa wa sabon wurin sunan gida. Shi ya sa a kewayen Holland ake samun Zeeland da Vriesland da Drenthe da Overisel, duk sunayen lardunan ƙasar Holan ne. Wani faston kuma, Hendrik Scholte, bai yarda da zaɓin Van Raalte ba, ya ce shi ba zai kai jama'arsa daji ba. Ya ja mutum wajen 800 zuwa filayen ciyawa na Jihar Ayowa a watan Agusta na 1847, suka kafa garin Pella, inda da farko suka zauna a ɗakunan da suka yi da ƙasa da ciyawa. Ba kuma kowa ne ya isa ba. A watan Nuwamba na wannan shekara wani jirgin ruwa mai suna Phoenix ya kama da wuta a Tafkin Mishigan da tsakar dare, ana hangen garin Sheboygan, mutum wajen 200 suka halaka, akasarinsu baƙin Holan ne da suka rage 'yan sa'o'i su sauka. A 1848 kuma wani limamin Katolika, Theodorus van den Broek, ya kawo mabiya ɗariƙarsa daga kudancin Holan zuwa Little Chute a Wiskonsin.

Akwai wani gefe na labarin da bai kamata a tsallake ba. Dajin da Van Raalte ya sauka yana da masu shi, wato 'yan asalin ƙasar na ƙabilar Ottawa, waɗanda suka taimaki baƙin a kwanakin farko. Da baƙi suka yi yawa, ga saɓani a kan gonaki da dabbobi, ga tsoron agana, sai 'yan ƙasar suka tattara nasu ya nasu a 1849 suka yi arewa. A nan baƙo ne ya tayar da ɗan gari.

Zaman lafiya tsakanin baƙin kansu ma bai daɗe ba. A 1850 Van Raalte ya haɗa cocinsu da tsohon cocin mutanen Holan da ke gabashin Amurka, wato jikokin waɗanda suka zo tun ƙarni na 17, waɗanda suka riga suka zama Amurkawa sak. Wasu suka ga cewa abin da suka gudo wa ne aka sake jefa su ciki. A 1857 wasu ikilisiyoyi huɗu suka ɓalle, kuma Graafschap, ƙauyen mutanen Bentheim, yana cikinsu. Daga nan aka sami cocin da ake kira Christian Reformed. Kowane ɓangare ya gina tasa kwaleji, na Van Raalte suka yi Hope a garin Holland, wadda ta sami rajista a 1866, masu ɓallewa suka yi Calvin a Grand Rapids, wadda tushenta ya faro a 1876. Af, wannan rigima ma ta taɓo Nijeriya. Johanna Veenstra, jinin baƙin Holan kuma 'yar cocin masu ɓallewa, ta iso ƙasar nan a 1920 a ƙarƙashin mishan ta SUM, ta zauna a Lupwe kusa da Takum, ta mutu a Vom a 1933. A 1940 cocinsu ya karɓi aikin wannan yanki, kuma daga nan ne cocin CRCN na ƙasar Taraba ya samo asali.

Karatu da aikin jami'a

Wannan ita ce duniyar da Henry Lucas ya buɗe ido a cikinta. Lokacin da aka haife shi shekara 42 ke nan da saukar ayarin farko, Van Raalte ya mutu tun 1876, amma akwai sauran tsofaffin da suka sari dajin da hannunsu. Da harshen Holan ake wa'azi, da shi ake buga jaridun yankin, irin su De Grondwet da aka kafa a 1860. Wanda ya tashi a irin wannan wuri harshe biyu yake tashi da su, kuma wannan ne jarin da ya ci da shi har ƙarshen rayuwarsa.

Ya yi digirinsa na farko a Kwalejin Olivet a nan Mishigan, ya gama a 1913, ya yi na biyu a Jami'ar Indiyana a 1915. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tafi ƙasar Holan ya yi karatu a Jami'ar Leiden, a daidai lokacin da shahararren masanin tarihin nan Johan Huizinga yake koyarwa a can. A 1921 Jami'ar Mishigan ta ba shi digirin digirgir, kuma a wannan shekarar ya kama aikin koyarwa a Jami'ar Washinton da ke birnin Siyatil, can ƙurewar arewa maso yammacin Amurka, tafiyar kwanaki a jirgin ƙasa daga mahaifarsa. Bai sake canja wurin aiki ba har ya yi ritaya a 1959, shekara 38 ke nan.

Fagen da ya ƙware a kai shi ne tarihin Turai na ƙarni na 14. Littafinsa na farko mai nauyi ya fito a 1929, sunansa The Low Countries and the Hundred Years' War, 1326-1347. Ya duba yadda ƙasashen da a yau ake kira Holan da Beljiyam suka tsinci kansu tsakanin giwaye biyu, Ingila da Faransa, a farkon yaƙin nan da aka yi wa laƙabi da na shekara ɗari. Masaƙan biranen Filandas da gashin tumakin Ingila suke aiki, alhali basarakensu mubaya'arsa tana wajen sarkin Faransa. Sarki Edward na Uku na Ingila ya auri Philippa, 'yar basaraken da ke mulkin Hainault da Holland da Zeeland, ya kuma toshe fitar da gashin tumaki don ya tilasta wa masaƙa su bi shi. A nan ne wani attajiri, Jacob van Artevelde, ya karɓe ragamar birnin Ghent ya jingina shi da Ingila, kafin mutanen garin su kashe shi a 1345. Lucas ya bi wannan kitimurmura shekara bayan shekara, daga takardun yarjejeniya da littattafan kuɗi na fadoji da birane. Littafi ne na malamai, mai karatu na yau da kullum ba zai yi nisa ba zai fara hamma, amma masana sun daɗe suna komawa gare shi.

Wata maƙala da ya buga a 1930 a mujallar Speculum ta fi littafin yawo. A kan babbar yunwar Turai ce ta 1315 zuwa 1317, wadda ruwan sama mai yawa ya haddasa, hatsi ya ruɓe a gona shekara biyu a jere, har gishiri ya yi tsada saboda babu ranar da za ta busar da shi. Abin da ya ba maƙalar ƙarfi shi ne ya je ga lissafin ma'ajin birni. A birnin Ypres hukuma ta riƙa biyan masu kwashe gawa daga tituna mako mako, ana rubutawa, kuma daga watan Mayu zuwa Oktoba na 1316 adadin ya kusa 2,800. Wannan ɗabi'a ta neman talaka a cikin takardun da ba don tarihi aka rubuta su ba, ita ce ya zo da ita kan labarin kakanninsa daga baya.

Ya kuma rubuta littattafan ɗalibai guda biyu da aka yi ta karantawa a kwalejojin Amurka: The Renaissance and the Reformation a 1934, da A Short History of Civilization a 1943.

Komawa gida

Ba Lucas ne ya fara rubuta tarihin baƙin Holan a Amurka ba. Wani sa'ansa, Jacob van Hinte, wanda shi ma a 1889 aka haife shi, malamin labarin ƙasa ne a Amsadam, ya ziyarci Amurka a 1921 na 'yan makonni, ya zagaya garuruwan baƙin yana tambaya yana rubutawa. A 1928 ya fitar da ƙaton littafi juzu'i biyu mai suna Nederlanders in Amerika. Aiki ne na ban mamaki ga mutumin da sau ɗaya ya taka ƙasar. Illarsa ita ce da harshen Holan aka rubuta shi, kuma jikokin da aka rubuta labarin kakanninsu sun fara rasa harshen. Ba a fassara shi zuwa Ingilishi ba sai 1985, shekara 37 bayan mutuwar marubucin.

Rasa harshen kuwa ba haka kawai ya zo ba. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya Amurkawa sun tsargu da duk mai magana da harshen da ya yi kama da Jamusanci, ba su kuma damu da bambancewa ba. A 1918 gwamnan Ayowa, William Harding, ya hana amfani da kowane baƙon harshe a makaranta da coci da taron jama'a, har ma a wayar tarho. A wani ƙauye kusa da Pella an cinna wa cocin mutanen Holan da makarantarsu wuta. Daga nan coci bayan coci suka koma wa'azi da Ingilishi, jaridu suka riƙa mutuwa, De Grondwet ta rufe a 1938. Tsofaffi na tafiya, wasiƙu da littattafan da suka bari a akwati kuma babu mai iya karantawa, wanda ya gaji gida sai ya share ya zubar.

Wannan ne ya ja Lucas baya. Ya shafe shekaru masu yawa, a gefen aikinsa na jami'a, yana bin tsofaffin jaridun baƙi fitowa bayan fitowa, yana karanta littattafan zaman majalisun coci, da ƙasidun da aka buga a Holan ana kwaɗaita wa mutane tafiya ko ana tsoratar da su, da wasiƙun da baƙi suka aika gida. Ko a jihar da yake aiki akwai garuruwan mutanen Holan, irin su Lynden da Oak Harbor, waɗanda suka cika da baƙi tun shekarun 1890. Ya kuma ci gajiyar wahalar wani dattijo, Gerrit van Schelven, ɗan jarida kuma shugaban gidan waya a garin Holland, wanda ya daɗe yana matsa wa tsofaffi su rubuta abin da suka gani kafin su mutu, musamman lokacin bikin cika shekara 50 a 1897. Van Schelven ya mutu a 1927 bai rubuta littafin da ya yi niyya ba, amma takardunsa sun tsira. Da aka zo bikin cika shekara 100 a 1947, Lucas ya rubuta wani ɗan littafin tunawa mai suna Ebenezer. Wannan somin taɓi ne.

A 1955, yana da shekara 66, ya fitar da ayyuka biyu a shekara guda. Na farko shi ne Netherlanders in America, wanda maɗaba'ar Jami'ar Mishigan ta buga, shafi fiye da 700, ya ɗauko labarin daga 1789 zuwa 1950, ya haɗa da Kanada. Da gangan ya bar tsofaffin mutanen Holan da suka kafa Sabuwar Amsadam, wadda Ingila ta ƙwace a 1664 ta mayar da ita Nuyok, waɗanda daga cikinsu aka sami shugabannin ƙasa irin su Martin Van Buren da Roosevelt guda biyu. Waɗannan suna da masu rubuta masu tarihi. Shi talakawan ƙarni na 19 ya sa a gaba. Ya bi su jiha jiha, gari gari: Mishigan da Ayowa da Wiskonsin, unguwannin Chikago, masana'antun Paterson, da yadda 'ya'yan Pella suka rasa gona suka je suka kafa Orange City a 1870. Bai ɓoye wuraren da aka gwada aka faɗi ba, inda dillalan filaye suka yaudari baƙi suka sayar masu da ƙasar da ba ta noma. Ya kuma ba 'yan Katolika na Wiskonsin haƙƙinsu, abin da marubutan coci na kafinsa ba su cika yi ba. Shi kansa, jinin masu ɓallewa, ɗariƙar Katolika ya koma a shekarunsa na girma.

Aiki na biyu shi ne Dutch Immigrant Memoirs and Related Writings, juzu'i biyu, wanda aka buga a garin Assen na ƙasar Holan. A nan Lucas ya ja gefe ya bar masu abin su yi magana. Ya tattara rubuce-rubuce fiye da 100 na baƙin kansu, manoma da fastoci da 'yan kasuwa, wasu da Ingilishi, wasu da harshen Holan, ya kuma fassara da yawa daga cikinsu. Labarin ƙetare teku, da sarar daji, da shekarar mace-mace, da gobarar da ta cinye garin Holland a watan Oktoba na 1871, duk suna ciki daga bakin waɗanda abin ya faru a kan idonsu. In da za a ce in zaɓi ɗaya cikin biyun, wannan zan ɗauka. Ana iya sake rubuta littafin tarihi a gyara, amma tsohon da ya mutu ba a rubuta abin da ke bakinsa ba, babu inda za a samo shi.

In aka jera shi da Van Hinte sai a ga bambancin idon baƙo da na ɗan gida. Van Hinte ya fi kallon ƙasa da noma da tattalin arziki, yana kuma auna abin da mahaifarsa ta yi asara da tafiyar waɗannan mutane. Lucas ya ɗauki addininsu da muhimmancin da su suka ba shi, don ya san cewa a wurinsu coci shi ne majalisa, shi ne kotu, shi ne asusun taimakon gajiyayyu. Mu ma mun san irin wannan. Littafin da aka fi sani a kan Sabon Ibadan wani masani daga Ingila, Abner Cohen, ya rubuta shi a 1969, sannan Dakta Mahdi Adamu ya zo a 1978 da nasa a kan bazuwar Hausawa a Afirka ta Yamma. Kowannensu ya hango abin da ɗayan bai tsaya a kai ba.

Sai dai ɗan gida ma yana da tasa makanta. Da yake Lucas ya dogara ga abin da fastoci da dattawan coci suka rubuta, labarin ya karkata ga masu ɓallewa, har mai karatu ya ɗauka cewa addini ne ya kori yawancin baƙin. Masu bincike na bayansa, musamman Robert Swierenga, sun zuba sunayen dubban matafiya daga rajistar hukumomin Holan da ta jiragen ruwa a kwamfuta, sai lissafi ya nuna cewa masu ɓallewa tsiraru ne cikin jimillar waɗanda suka yi ƙaura a ƙarni na 19, kuma dalilin da aka rubuta wa akasarin matafiyan shi ne neman abin kai wa baka. Masu ɓallewa sun fi yin fice ne don sun tafi a ƙungiyance, sun zauna wuri guda, sun kuma bar takardu. Haka nan muryar mata ba ta fito sosai ba, sai da Suzanne Sinke ta fitar da littafi a kansu a 2002. Daɗin daɗawa ya tsaya a 1950, daidai lokacin da sabuwar ambaliyar baƙi ta bayan Yaƙin Duniya na Biyu take tasowa, wadda ta kai mutanen Holan fiye da 100,000 Kanada. Duk da haka, waɗanda suka gyara masa ɗin ma daga shafukansa suka fara.

Shekara huɗu bayan fitowar littattafan ya ajiye alli, a 1960 ya fitar da bugu na biyu na littafinsa na ɗalibai a kan zamanin farfaɗowar Turai, ya kuma mutu a 1961 yana da shekara 72. Maɗaba'ar Eerdmans ta Grand Rapids, wadda wani baƙo daga Holan ya kafa, ta sake buga Netherlanders in America a 1989, daidai shekara 100 da haihuwarsa, ta kuma sake buga tarin labaran tsofaffin a 1997, lokacin da garin Holland yake bikin cika shekara 150 da kafuwa.